Ƙwaryar da Ta Ƙi Ɗinkuwa

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya raba harsuna, ya ba kowace al'umma tukunyarta da irin wutar da za ta hura a ƙarƙashinta. Bayan haka, ni Nomau ɗan Mantau, gyartai ɗan gyartai, mutumin Kwarin Duma, ga labarin yawon da na yi a ƙasashen da ko fatake ba su san sunansu ba. Wanda ya yarda ya yarda. Wanda bai yarda ba, ga hanya nan, ba a rufe ta ba.

Garinmu kogi ya raba shi biyu. Mu manoma muna Gangare, masunta suna Hayi, kuma jiragensu ne kaɗai ke fito tsakaninmu. Abin da ya haɗa mu wata ƙwarya ce babba, wadda za a zaunar da jariri a ciki a yi masa wanka, ana ce mata Ta-Kaka. Wasu sun ce don da kaka ake fito da ita, wasu sun ce don ta kakanni ce. Duk shekara in an gama girbi sai a taru a kan tsibirin yashi da ke tsakiyar ruwa. Mu ke kawo fura. Sarkin Noma ya sha ya miƙa wa Sarkin Ruwa, ƙwarya ta zagaya kowa ya kurɓa, sannan masunta su fito da kifi. Wanda ya kurɓa ya yafe duk abin da aka yi masa a shekarar.

A kakar da nake ba ku labari, Sarkin Noma Arzika ya miƙa, Sarkin Ruwa Bagudu ya kawo hannu, sai ƙwarya ta suɓuce tsakaninsu ta faɗa kan dutse, ta rabu gida biyu. Wannan ya ce an saki kafin ya riƙe, wancan ya ce da gangan aka ƙi riƙewa. Kowa ya ɗauki ɓari guda ya rungume. Bagudu ya faɗa a gaban jama'a cewa jirgi ba zai ƙara taɓa gaɓar Gangare ba sai Ta-Kaka ta koma yadda take, babu ɗinki babu tabo. Arzika kuwa, don kada a fi shi, ya ce shi ma haka.

To, Bagudun nan surukina ne. 'Yarsa Dela ita ce matata, kuma a lokacin tana gidansa goyon ciki na fari. Bayan 'yan kwanaki na ji guɗa daga tsallake. Na tsaya a bakin ruwa har wata mata ta tausaya mini ta ɗaga murya ta ce mace ce. Aka yi suna ba ni. Kogin akwai kada, kuma ko babu, mutum ba ya shiga gidan surukinsa ta bayan danga. Na yi kuka a bakin ruwan nan, ba na ɓoye muku.

Ni na gaji ɗinkin ƙwarya, da basilla da zaren kaba, ɗinkin da ko nono aka zuba ba zai ɗiga ba. Amma ɗinki ɗinki ne, makaho ma zai ji shi da yatsa. Sai na roƙi dattawan biyu abu guda, ɗaya baki da baki, ɗaya da kira ta saman ruwa: su kawo ɓarinsu tsibiri in kaka ta zagayo, ni kuwa zan shiga duniya in nemo yadda ake haɗa fasasshe ba tabo. Suka yarda, ina jin don sun tabbata ba zan samo ba. Na rataya jakata na nufi gabas.

Na keta daji na keta sahara, har ƙasa ta koma fari fat a ƙarƙashin ƙafata. Nan na tarar da Birnin Kantu, wanda ganuwarsa da ɗakunansa duk da gishiri aka gina su, har awaki ba a barinsu su matso kusa. Da mutanen garin suka ji abin da nake nema, sai suka kai ni wurin Ma'ajinsu, wani dogon mutum mai suna Zarkum, wanda ke sa hannuwansa cikin jakunkunan auduga don kada ya taɓa komai.

Ya ce, "Baƙo, ka zo inda ya dace. Mu nan tun zamanin kakanni abu bai taɓa fashe mana ba."

Ya shiga da ni wani gida mai soraye kamar ba za su ƙare ba. Tukwane ne jere, da ganguna, da sirdi, da zannuwa, da kayan mutanen ƙasashe iri-iri da fatake suka taɓa bari. Ba a girki da tukunya, ba a kaɗa ganga. Su kansu mutanen garin a tafin hannu suke cin abinci, don kada akushi ya ji ciwo. A soron ƙarshe ya rage murya ya nuna mini wani ice a kan shimfiɗar alharini, ya ce sandar mulkin wani sarki ce na ƙasar yamma. Na duba da kyau. Muciya ce, har da ɓurɓushin tuwo a gindinta. Na haɗiye dariyata na ce Allah ya jiƙan sarkin. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin na tuna da matar da ta tuƙa tuwo da ita har hannunta ya lotsa icen, ga shi yanzu ba wanda ya san ta taɓa ciyar da kowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in abu ya riga ya fashe fa?"

Ya ce, "Sai mu fitar da shi bayan ganuwa kafin rana ta faɗi. Mai tsaga ba ya kwana a birnin nan."

Na yi godiya zan fita, sai ya tare ƙofa. Ya ce ba su taɓa samun gyartai ba, kuma da ni da jakata da hular kaina za mu yi kyau a soron yamma. Za a ciyar da ni, a riƙa kakkaɓe mini ƙura, ba wanda zai taɓa ni har in mutu. Dogarai suka matso da hannuwansu cikin auduga. Raina ya tashi, na tuna Dela. Sai na zauna a ƙasa na cire takalmana, na ɗaga masa diddigena. Mutumin da ya taka sahara da gishiri, ku kwatanta irin fason da ke ƙafarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin kunyar in ɓata muku soro. Ni mai tsaga ne."

Ya leƙa, ya ja da baya yana toshe hanci. Ba su jira faɗuwar rana ba, a kan tabarma suka ɗauke ni suka ajiye bayan ganuwa tare da wani tsohon tulu.

Daga nan hanya ta kai ni bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa. A gaɓarsa duma ke yaɗo, gora guda ta kai girman rumbu. Na fafe ɗaya na shiga, iska ta yi ta kora ni har na bugi wani tsibiri da ba ƙasa ba ne. Da kara da ciyawa aka saƙa shi, yana yawo a kan ruwa da mutanensa da kajinsu. Waɗannan su ne Masaƙa-Ƙasa. Kome nasu saƙa ne, ɗaki da jirgi da kwano, har ƙasar da suke takawa. In shekara ta zagayo sai su saƙa sabon tsibiri, su koma kansa da sababbin kaya, su yanke tsohon su bar shi ya nutse da duk abin da ke kai.

Na gaya wa dattijonsu damuwata. Ya saurara yana saƙa, bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Ka fafe sabuwa ka kira ta da tsohon suna. Wannan jirgin da kake gani na kakana ne. Bana na saƙa shi."

Maganar ta shige ni, na kwana biyu ina juya ta. Su a hannu suke ajiye gadonsu, ba a kaya ba, kuma ban ga yaro a cikinsu da bai iya saƙar kakansa ba. Amma na san mutanena. In na kai musu sabuwar ƙwarya, sai su yi shekara suna gardama kan a gonar wa aka shuka ta.

Ana gobe za a yanke tsohon tsibiri, wata mata mai suna Sumbe ta yafito ni bayan ɗakinta. Ta sa hannu cikin gashinta ta zaro wani ɗan mataji na ice, ya tsage har tsakiya.

Ta ce, "An ce kana ɗinke abin da ya fashe. Na uwata ne. Ya kamata ya nutse tun shekarar da ta mutu. Na iya yin irinsa, na yi da yawa, amma ba su taɓa kanta ba."

Na huda shi da basilla na ɗaure da zare, ɗinki muraran kowa na gani. Ta shafa shi da yatsa ta mayar cikin gashi. Ba ta yi godiya da baki ba, sai ta kwance jirginta ta ce in shiga. A hanya ta gaya mini akwai wani dutse a ƙarshen tafkin, Tsaunin Hawaye, inda wata bishiya ke zubo ƙaro mai haɗa fasasshe har mai shi ya manta inda ya fashe. Wata tsohuwa ce mai suna Nenne Oru ke kula da ita. Ba ta sayarwa, sai wanda ta ɗauka nata take ba.

Na hau dutsen nan gwiwoyina suna tsine mini. Mutanensa maginan tukwane ne, masu fara'a, suka ba ni ɗaki. Da rana ta yi tsaka sai ga tsohuwar da kanta, 'yar ƙarama, ta ajiye mini kasko cike da dafaffiyar doya da wani ganye mai ɗaci, ta juya. Na ce a raina ƙofa ta buɗe. Na cinye, na wanke kaskon tas, na zuba dabinon da ya rage mini a ciki, na kai ƙofarta. Uwata ba ta haifi ɗan da zai mayar da kwanon mutane wayam ba.

Kashegari ta sake kawowa, amma ba ta dube ni ba. Na ce lalle dabinon ya yi kaɗan. Na mayar da kaskon da gishirin Birnin Kantu. Rana ta gaba wata ce ta kawo, ta dangwarar. Na ƙara himma, na saka allurata mafi kyau da ɗan turare. Daga ranar abinci ya yanke. In na yi gaisuwa sai a dubi gefe. Daga baya wasu maza suka zo suka ce in tattara jakata, za su raka ni gindin dutse.

Idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Na san karin maganar tun ina yaro, amma ban ga jelar ba sam. Na roƙe su su bar ni in yi wa tsohuwa sallama. Na same ta tana murza yumɓu, na durƙusa daga nesa.

Na ce, "Inna, zan tafi. Amma don Allah ki gaya mini laifina, kada in kai shi wani gari."

Ta ce, "Laifi? Ai ka biya. Na ba ka, ka biya. Na sake ba ka, ka sake biya. Na uku har da turare, don in ji warin maganar da kyau. Wanda ya biya ba ya da sauran magana da mu."

Na ce, "To da me ake mayar da kasko a nan?"

"Da komai ba a mayarwa. Wayam ake kawo shi. Wayam yana cewa, ina bukatarki gobe ma. Cikakke yana cewa, karɓi kayanki, ba ni ba ke."

Na riƙe baki. Na ce, "Inna, a garinmu wanda ya mayar da ƙwarya wayam ya ce ke nan ba ki isa ya tuna da ke ba. Muna saka abu ne don ke ma gobe ki rasa yadda za ki yi, sai kin sake aikowa."

Ta tsayar da hannunta. Ta dube ni har na tsargu, sannan ta fara dariya, ƙasa-ƙasa, har ta share ido da bayan hannu mai yumɓu.

Ta ce, "Ashe tsoronmu ɗaya, kada kaskon ya zauna wuri guda. Kai kana tura shi, ni ina jawo shi, muka kusa fasa shi a tsakani."

Duk da haka ba ta sake ni a banza ba. Ta cika kaskon na ci a gabanta, ta ce in zagaya gari da shi a kife, kowa ya ga babu komai, sannan in kawo mata. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin kaskon nan ba. Ji nake kamar uwata na kallona daga kabari. Na zauna da su har damina ta yi nisa, kullum ina mayar da kasko wayam, kullum sai na ji kunya. Ranar da zan tafi ta kai ni gindin bishiyar, ta tara mini ƙaro a ɗan tulu. Ta fasa kasko a gabana, ta shafa, ta haɗa, na juya shi a rana ban ga komai ba. Na yi niyyar ba ta wani abu, na tuna, na maida hannuna aljihu.

Ba zan gajiyar da ku da labarin komowa ba. Na iso Kwarin Duma ana ɗaure dammunan gero. Ranar taro mutanen Gangare suka haye tsibiri rungume da gora, duk da tsoron kada, da tulunan fura, gama Arzika ya ce kada a ce daga wajensa aka fasa. Masunta suka zo a jirage, maza zalla, ba kifi ko ɗaya, sai sanduna. Na leƙa jiragen ko zan ga Dela, ban gan ta ba.

Aka miƙo mini ɓari biyu. Tun kafin in haɗa su na ga ba yadda na bar su suke ba. Bagudu ya rataye nasa a ɗakin banda don kada ƙwari su ci, hayaƙi ya busar da shi ya tanƙware. Arzika ya binne nasa cikin rumbu don kada a sace, gara ta gaigaye bakinsa. Kowa ya adana nasa iya ƙoƙarinsa. Na kara su, yatsana ya shige tsakani. Na shafa ƙaro na matsa, ƙaron ya zurare ta cikin giɓin ya ɗiga a yashi. Na sake, na sake, har tulun ya kusa ƙarewa. Ƙaro yana haɗa abin da ya dace da juna ne, waɗannan kuwa shekara guda ta mai da su baƙin juna.

Na ce, "Ba za ta haɗu ba. Ko da ɗinki ba za ta haɗu ba."

Baƙin cikin da na ji a lokacin ya fi na ranar guɗa, gama a ranar ina da abin sa rai. Bagudu ya gyara mayafinsa ya ce wa mutanensa su kwance jirage.

Rana ta take, tsohon ya daɗe a tsaye, na ga leɓensa ya bushe. Ɓarin Gangare yana hannuna na dama. In an karkata shi yana riƙe abin da bai fi ludayi uku ba. Ban shawarci kowa ba. Na tsiyaya fura a ciki, na cire takalmi, na je na durƙusa gaban surukina, kaina a ƙasa.

Na ce, "Baba, wannan ba Ta-Kaka ba ce, sakaina ce. Ba sulhu na kawo ba. Fura ce, rana ta yi zafi."

Ya kau da kai. Amma ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na suruki a durƙushe gaban gari biyu. Ya karɓa ya shanye. Ya miƙo mini, hannuna na sama zan karɓa, sai idonsa ya faɗa cikin sakainar. Ya tsaya. Ya laluba aljihunsa, babu ko ɓarin goro. Ya waiga ga mutanensa, kowa ya shafa jikinsa ya dubi sandarsa. Dattijo kamar Bagudu, ya sha furar mutane a bainar jama'a, ya mayar da ƙwarya wayam? Na ga gumi ya keto masa.

Ya janye hannunsa, ya sa sakainar a hammata. Ya ce, "Sai gobe."

Arzika ya yunƙura ya ce ai ɓarinmu ke nan za a tafi da shi. Na miƙa masa ɗaya ɓarin na ce, "Ranka ya daɗe, ga nasu a hannunka." Ya karɓa ya leƙa ciki, shi ma na ga ya fara lissafin abin da zai saka.

Da hantsi kashegari ina bakin ruwa. Jirgi ya taso daga Hayi, ya wuce tsibiri bai tsaya ba, ya zo ya soki gaɓar Gangare. Kai abinci aikin mata ne, kuma Bagudu 'ya ɗaya gare shi. Dela ta sauko da sakaina a ka, bandar kifi ta yi tozo a ciki, ga goyo a bayanta. Na rasa ta inda zan fara gaisuwa.

Ta ce, "Sannu da hanya, Maigida. Ka rame." Ta sauke sakainar ta miƙo mini. "Baba ya ce a gaya muku ba don ku jirgin ya fito ba, don ƙwarya ne. Ya ce kuma yana jiran tasa sakainar."

Na ce, "Ke za ki koma da ita?"

Ta ce, "A nemi wani. Ni na iso."

Ta juya mini baya ta sassauta zane. Yarinyar ta ɗago kai ta ƙare mini kallo, ta ga baƙo, ta fashe da kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

Ta-Kaka ba ta haɗu ba har yau. Ɓarinta biyu suna nan suna kai da komo a jirgi, kuma dattawan biyu sun mutu kowa yana cewa shi bai janye maganarsa ba. Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe mini, abin da na rage ku tambayi Dela.